Yadda za ka samo kayan toshe yoyo idan kana haɗa matatar kwamin kifin koi da hannunka

Matatar farko da na haɗa wa kifayena duro ce shuɗiya mai cin lita 200. Na huda ta wuri uku, na zura bututu, na matse kwalin silikon biyu a bakin ramukan ciki da waje har wurin ya yi tudu. Na bar ta kwana biyu ta bushe, na cika ruwa, ko ɗigo babu. Bayan sati biyu na fito da asuba na tarar gindin duron ya zama taɓo, ruwan kwami kuma ya sauka da kusan taƙi guda. Da na sa farce a gefen silikon ɗin na ja, sai ya taso gaba ɗaya kamar saɓar maciji, zobe guda, bai bar ko tabo a jikin duron ba. Ashe tun ranar farko bai kama ba, zaune kawai yake a kai.

Ba laifin silikon ba ne, ni ne na ba shi aikin da ba nasa ba. A jikin irin wannan duro, abin da ke tsare ruwa roba ce da aka matse tsakanin abu biyu masu tauri. Gam da silikon suna da nasu wurin, za mu zo kansu, amma wanda ya gane wannan kafin ya shiga kasuwa ya rage wa kansa asarar kuɗi da ta kifi.

Koi dangin kifin kaf ne da manoman tsaunukan Nigata a Japan, wajen Ojiya da Yamakoshi, suka fara zaɓen masu launi suna hayayyafa su tun ƙarni na 19, kuma baje kolin da aka yi a Tokyo a 1914 ne ya fito da su idon jama'a. Kifi ne mai ci da yawa, mai kashi da yawa, yana kuma fitar da amoniya, wani sinadari mai guba ga kifi, cikin ruwa dare da rana. Shi ya sa matatarsa ba ta hutu: ana so duk ruwan kwamin ya ratsa ta cikin awa ɗaya zuwa biyu. Yi lissafi da kanka. Kwami mai lita 5,000 da famfo mai tura lita 3,000 a awa, idan bututu ya kwance a jikin matata da tsakar dare, kafin awa biyu kifayenka suna birgima a ƙasa. Yoyon matata ya wuce maganar jiƙa tsakar gida.

Da farko, gano da me aka yi mazubin

Kifa duron ka duba gindinsa. Za ka ga alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 2 ita ce HDPE, kuma kusan duk shuɗin duro, da babban tankin nan mai lita 1,000 da ke cikin kejin ƙarfe, da baƙin tankin ruwa na gida, dangin robar nan ne. Lamba 5 ita ce PP, wadda ake yin bokitai da manyan robobin wanki da ita. Lamba 3 ita ce PVC, robar bututu.

Lamba 2 da lamba 5 halinsu ɗaya: fatarsu kamar an shafa mata kakin zuma take, ba abin da ke kama ta da gaske. Silikon ba ya kamawa, gam ɗin bututu ba ya narka ta, Araldite da sauran gam mai haɗi biyu suna daskarewa a kai su ɓalle daga baya. Ga kuma rana. Duro yana buɗewa da zafin azahar, ya tsuke da sanyin dare, fiye da yadda busasshen gam zai iya bin sa, sai a wayi gari layin siririn tsaga ya buɗe a tsakani. Abin da ya faru da ni ke nan.

PVC kuwa gam ɗinsa na narka shi ya haɗe da ɗan'uwansa. Gilashi shi ne gidan silikon. Siminti kuma nasa daban, zan taɓa shi a gaba.

Tun kana wajen mai duro ka tambayi abin da aka zubo a ciki. Wanda ya ɗauko kayan abinci, kamar ruwan sukari ko man girki, shi ake nema. Wanda ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, maganin ciyawa ko wani sinadarin da ba a sani ba, ko kyauta aka ba ka ka bar shi, don robar tana shan abin ta riƙa sakinsa a hankali. Buɗe murfin ka sansana. Hanci ya fi bakin mai sayarwa faɗin gaskiya.

Ƙirga ramuka, ka auna bututu

Kafin ka sayi komai, zana duron a takarda ka sa alamar kowane rami. Yawanci uku ne: mashigar ruwa daga famfo, mafitar da ke mayar da ruwa kwami, da magudanar ƙasa ta zubar da dagwalo. Idan mashigar za ta iya bi ta saman duro, ta kan baki ko ta murfi, bar ta ta bi, ka rage rami ɗaya. Duk ramin da ba ka huda ba ba zai taɓa yoyo ba.

Mafita ta fi mashiga faɗi, ninki biyu idan da hali. Famfo yana turo ruwa da ƙarfi, shi kuwa ruwan da ke fita gangarowa kawai yake yi. Idan ka shigar da inci 1, fitar da inci 2. Mutane da yawa suna ta neman inda matatarsu ke zuba, alhali ambaliya take yi ta baki saboda mafita ta yi ƙanƙanta ko gansakuka ta toshe ta.

Sai batun awo, inda aka fi yin kuskure. Bututun da ke kasuwa kashi biyu ne, na inci da na milimita, kuma 'yan kasuwa da suna ɗaya suke kiran su. Bututun inci 2 na tsarin Amurka faɗinsa daga waje milimita 60.3 ne, takwaransa na tsarin milimita kuwa 63. Na inci ɗaya da rabi 48.3 ne, takwaransa 50. Na inci 4 milimita 114.3 ne, takwaransa 110. Bambancin milimita biyu zuwa huɗu ba ya cika ido, amma shi ne tsakanin haɗin da ya kama da wanda zai riƙa ɗiga har abada. Maganin wannan mai sauƙi ne: yanko guntun bututunka kamar tsawon yatsa, ka sa a aljihu. Duk abin da za ka saya, gwada shi a kan guntun nan a gaban mai shago.

Abin da za ka nema a kasuwa

Kusan komai yana layin masu kayan famfo. A Kano akwai Kofar Ruwa da Sabon Gari, a Kaduna akwai Panteka, a Abuja akwai Dei-Dei, a Yamai akwai Katako. Kada ka ce kayan matatar koi kake nema, za a dube ka ne kawai. Ka ce kayan tankin ruwa. Masu haɗa wa masu kiwon tarwada tankuna su ma sun san harkar, domin matsalarsu da taka ɗaya ce, kuma sau da yawa su ne za su nuna maka shagon da ke da manyan lambobi.

Abu na farko shi ne konektan tanki. Gajeren bututu ne mai tiredi a jiki, wato zaren da noti ke hawa, da faffaɗan baki a gefe ɗaya kamar hula, da washar roba, da noti. Ana zura shi a rami, a ɗaure noti ta ɗaya gefen, washa ta matsu tsakanin hular da jikin duro. Shi ne ginshiƙin aikin. Nemi na roba zalla. Za a miƙo maka na tagulla a ce ya fi ƙarko, kuma a tankin gida gaskiya ne, amma jan ƙarfe da tutiya suna narkewa kaɗan-kaɗan cikin ruwa, kifi kuma ba ya jure su, balle ruwan da ke zagayawa wuri ɗaya wata da watanni. Haka ma bututun ƙarfe mai shafen tutiya. Idan dole sai ƙarfe ya taɓa ruwa, kamar kusoshi ko maɗaurin tiyo, to ya zama wanda ba ya tsatsa, lamba 316 idan ka samu.

A shago, ɗaura notin har ƙarshe da yatsu. Ya tafi sumul ba tare da ya yi tsalle ba? Duba hular: tana da faɗi, a shafe take, babu tudun da injin ya bari? Lanƙwasa washar ka sake ta. Idan ta koma yadda take nan take, mai kyau ce. Idan ta yi farin layi ko ta tsage, ta tsufa a shago. Akwai wani mai shago da na saba da shi, duk lokacin da na fara wannan gwaje-gwajen sai ya ce, "Malam, ai ba mota za ka saya ba." Na kan ce, "Alhaji, kifin da ke bayan robar nan ya fi tayar mota tsada." Sai ya yi dariya ya ɗauko na cikin kwali.

Abu na biyu shi ne Uniseal, zoben baƙar roba mai kauri wanda ba shi da noti ko tiredi. Ana cusa shi a rami, a tura bututu ta tsakiyarsa, bututun ya buɗa robar ta danne bakin ramin. Amfaninsa babba shi ne yana zama a jikin da ya lanƙwasa. Duro zagayayye ne, faɗinsa bai kai santimita 60 ba, hular konekta kuwa a miƙe take. A ƙaramin rami ba matsala, amma daga inci 2 zuwa sama sai ka ga hular ta taɓa duro a wuri biyu, sauran gefen akwai sarari. Uniseal ba ruwansa da wannan. Ba kasafai ake samunsa a shagon kayan famfo ba, sai a wajen masu kayan kiwon kifi ko ta odar intanet. Girman raminsa a ƙayyade yake: bututun inci 1 rami inci 1.75, na inci ɗaya da rabi rami inci 2.5, na inci 2 rami inci 3, na inci 3 rami inci 4, na inci 4 rami inci 5. Waɗannan lambobi na bututun tsarin inci ne. Idan ka sa bututun milimita 110 cikin zoben inci 4, zai shige cikin sauƙi har ka ji daɗi, ya kuma yi yoyo.

Idan babu ko ɗaya daga cikin biyun nan, za ka iya haɗa naka da soket mai tiredin namiji da mai tiredin mace, ka sa jikin duro a tsakaninsu. Sai dai tiredin kayan famfo yawanci yana ƙara kauri yayin da ake ɗaurawa, don haka yana cijewa tun kafin bakunan biyu su iso jikin duro. Cike sararin da washa mai kauri ko guda biyu, har sai matsin ya sauka a kan robar.

Na uku, robar yin washa. Wadda aka fi so ita ce EPDM, irin wadda ake shimfiɗa wa tafkin kifi, mai jure rana da ruwa shekara da shekaru. Kaurin milimita 2 zuwa 3 ya isa. Idan kana da ragowar shimfiɗar tafki, ka riga ka samu, ka ninka biyu idan siririya ce. In ba haka ba, masu sayar da kayan injin ban-ruwa suna da fallen roba da ake yanka gasket da shi. Tif ɗin mota shi ne mafita ta ƙarshe: zaɓi wurin da babu faci ko layin haɗi, ka wanke shi tas da ruwan zafi har farar hodar ta fita. Robar taya kanta kuwa ka nisance ta. A 2020 masu bincike a jihar Washington ta Amurka sun gano cewa wani sinadari da ke fitowa daga taya, 6PPD-quinone, shi ke kashe wani nau'in kifin salmon a rafukan birni bayan ruwan sama.

Ragowar kayan ba su da wuyar samu: farin tef na Teflon, gwangwanin gam ɗin bututun PVC, bawul na roba don magudanar ƙasa, yuniyon biyu ko uku don ka iya kwance matatar ba tare da ka yanka bututu ba, samfefa, da zagayayyen zarton huda rami da ake ɗaura wa dirila. Sayi konekta tukuna kafin ka sayi zarton, saboda kowane kamfani da girman ramin da nasa ke bukata. Girgiza gwangwanin gam a kunne. Idan ba ka ji yana motsi kamar ruwa ba, ya fara daskarewa, kuma ba a gyara shi da tina.

Maganar silikon

Ka saya, amma ka san me za ka yi da shi. Aikinsa haɗa gilashi, idan ka yi wa matata ko kwami taga, da cike 'yan ramuka a ƙarƙashin hular konekta a jikin siminti mai kaushi. A can ɗin ma noti ne ke riƙewa, silikon ya zama washa ce kawai da ta ɗauki siffar wurin.

Karanta jikin kwalin. Wanda aka yi don banɗaki da kicin galibi an zuba masa maganin hana fumfuna, maganin nan kuwa guba ne ga kifi da ƙwayoyin bakteriyar da kake kiwo a matata don su cinye amoniya. Nemi wanda aka rubuta cewa na akwatin kifi ne, ko silikon zalla ɗari bisa ɗari wanda babu maganar fumfuna a jikinsa. Warin ruwan khal da yake yi lokacin bushewa ba abin tsoro ba ne, yana tafiya idan ya gama. Duba kwanan wata, don wanda ya daɗe cikin zafin shago yana iya ƙin bushewa sam. Matsa ɗan layi a kan kwali ka bar shi ya kwana kafin ka amince masa.

Danshin iska ne ke busar da silikon, daga waje zuwa ciki, kamar milimita 2 zuwa 3 a yini. Saboda haka da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙayau, ya fi jinkiri fiye da damina, akasin abin da mutum zai zata. Ajiye kwanon ruwa kusa da shi ko ka rataya jiƙaƙƙen buhu. Siriri ka ba shi awa 48, mai kauri ka ba shi mako.

Huda da ɗaurawa

Zaɓi wurin da ya fi shafewa, nesa da layin haɗin duro da zobban tudun da ke zagaye da cikinsa. Ramin ƙasa kada ya matse da gindi, ka bar wa noti wurin juyawa, ka kuma tabbata hannunka zai kai wurin ta ciki. Na taɓa huda rami mai kyau a duro mai ƙaramin baki, sannan na tsaya ina kallon notin a hannuna. Sai da na yanke saman duron gaba ɗaya.

Fara da ƙaramin rami na jagora. Sa zarton, ka tafi a hankali ba tare da dannawa ba. Idan haƙoransa suna fizgar robar, juya dirilar ta yi baya, za ta ci a hankali ta bar baki mai santsi. Kada ka huda da jan wuƙa ko ƙarfen da aka gasa a wuta, ramin ba zai zagaye daidai ba, kuma bakin zai yi tudu. Kankare zaren robar da ya rage da reza, ka shafa samfefa sama-sama. Kada ka ci ramin, musamman idan Uniseal za ka sa, don ƙarin milimita ɗaya ya isa ya ɓata aikin.

Wajen konekta, ƙa'ida ɗaya ce ba ta canzawa: washa tana gefen hula, ba gefen noti ba. Ko hular tana ciki ko tana waje, washar tana manne da ita. Idan ka sa ta a gefen noti, ruwa zai bi ta cikin tiredi ya zagaye ta ya fita, kuma juyawar noti za ta murɗe ta. Goge wurin ya bushe, babu yashi ko gashi. Ɗaure da hannu iya ƙarfinka, sannan ka ƙara rubu'in juyi da sifana. Ya isa. Ruwan da zurfinsa bai kai mita ɗaya ba nauyinsa kaɗan ne, ba ya bukatar ƙarfin ɗaure tayar tirela. Idan ka ga washa ta fara bulluƙowa ta gefe, ka wuce gona da iri, sassauta.

Idan lanƙwasar duron ta hana hula zama, ɗumama kewayen ramin da na'urar hura zafi har robar ta yi laushi kaɗan, ka matse ta tsakanin katako biyu masu shafaffen jiki da dogon ƙusa mai noti ta tsakiyar ramin, ka bar ta ta huce a haka. Wurin zai miƙe.

Wajen Uniseal, cusa zoben daga waje, faffaɗan bakinsa yana kallonka. Fere bakin bututun da samfefa ko magagari ya yi gangare, in ba haka ba kaifinsa zai yanki robar ko ya tura zoben ciki. Shafa ruwa mai ɗan sabulun wanke-wanke, ka tura kana murzawa. Zai yi wuya, har sai ka sa nauyin jikinka, haka ake so. Kada ka kuskura ka shafa Vaseline, giris ko baƙin mai. Bayan an gama ka ɗauraye sabulun sosai.

Inda tiredi ya shiga tiredi, kamar bawul a kan konekta, naɗa farin tef zagaye huɗu zuwa shida, kana bin hanyar da za a ɗaura, don kada ya warware. Tef mai yawa yana fasa soket ɗin roba. Tiredin da notin konekta ke hawa kuwa ba ya bukatar tef ko kaɗan.

Inda bututu ya shiga soket, yanka shi a miƙe, goge ƙura, gwada su a bushe ka sa alama da biro. Shafa gam a jikin biyun, tura har ƙarshe kana juyawa rubu'i, riƙe daƙiƙa 30 don kada ya turo kansa waje. Da bazara gam yana bushewa kafin ka ajiye buroshi, don haka yi aikin a inuwa, haɗi ɗaya bayan ɗaya. Ba shi awa 24 kafin ruwan kifi ya bi ta ciki.

Abu na ƙarshe a nan, wanda kusan kowa ke mantawa: tallafi. Bututu mai tsawon mita biyu cike da ruwa, da bawul a bakinsa, yana jan konekta ƙasa dare da rana, kuma duk lokacin da ka murɗa bawul kana girgiza haɗin. Sa bulo ko katako a ƙarƙashinsa. Duron kansa ya zauna a daɓe mai ƙarfi, don cikakken duro ya haura kilo 200, idan ƙasa ta zauna a gefe ɗaya sai ya karkata ya ja bututun.

Idan matatar ta bulo da siminti ce

Siminti ba ya kama santsin PVC, ruwa yana bin jikin bututun ya fito ta bayan bango. Dabarar magina ita ce a shafe wurin da zai shiga bango da gam ɗin bututu, a barbaɗa busasshen yashi tun gam yana ɗanye, a bar shi ya bushe. Bututun zai yi kaushi, siminti ya sami abin kamawa. Idan ka ƙara manna guntun soket a tsakiya ya zama kamar zobe mai tudu a cikin bangon, hanyar ruwan ta ƙara tsawo. Sa maganin hana ruwa a kwaɓin filasta. Sabon siminti yana sakin farar ƙasa da ke ɗaga pH sosai, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, don haka cika, bar shi kwanaki, zubar, maimaita, ka riƙa aunawa har ya daidaita da ruwan da kake zubawa. Kwalta da fentin rufi da ake shafa wa tankuna don yoyo ba su da wuri a nan.

Gwaji

Kada ka haɗa matata da kwami tukuna. Toshe mafita, cika duron har baki, goge wajensa ya bushe, ka shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashin kowane haɗi. Ɗigo ɗaya zai nuna a takarda. Sa alama a matakin ruwa, ka ajiye bokitin ruwa kusa da shi shi ma da alama. Bayan awa 48, idan sun sauka daidai, rana da iska ne suka sha. Idan duro ya fi sauka, akwai inda yake zuba, kuma matakin da ruwan ya tsaya shi ne zai nuna maka ramin.

Sannan kunna famfo ya yi yini, ka kashe shi kwatsam kamar an ɗauke wuta, ka tsaya ka kalla. Idan bakin mashiga yana nutse cikin ruwan duro, zai zuƙe ruwan ya mayar kwami tare da dagwalon da ya taru. Huda ƙaramin rami a jikin bututun mashigar, dab da saman ruwa a cikin duron, iska za ta shiga ta katse zuƙar. Famfon kuma kada ya zauna a ƙasan kwami, ɗora shi a kan bulo biyu, ko da wani abu ya kwance wata rana, ruwan da ya rage zai riƙe kifin har gari ya waye.

Idan ka ga ɗigo a konekta, kada ka ɗauko silikon ka shafe ta waje, ruwan zai sami wata hanya. Zubar da ruwan, kwance, duba. Sau tara cikin goma za ka tarar da ƙwayar yashi, ko zaren roba a bakin rami, ko washa ta karkace. Idan ramin ne ya yi faɗi, hau zuwa konekta mai girma na gaba ka rage da soket. Idan duron ne ya tsage, kai wa masu liƙin roba, amma ka tafi musu da yankin duro irinsa mai lamba 2, domin roba da irinta kaɗai take narkewa ta haɗe. A kankare fatar wurin tukuna, a huda ɗan rami a ƙarshen tsagar ta kowane gefe don kada ta ci gaba.

Zubar da ruwan gwajin, ka ɗauraye sau biyu, sannan ka zuba kayan tacewa ka haɗa da kwami. Bakteriyar da ke cinye amoniya tana ɗaukar sati huɗu zuwa shida kafin ta zauna, a wannan tsakanin rage abinci ka riƙa auna ruwa. Yi wa duro da bututu rumfa ko ka shafa musu fenti ta waje, rana tana gasa PVC har ya riƙa karyewa kamar ƙwarya. Bayan sati guda ka koma kan kowane noti da hannu, washa takan ɗan zauna, za ka ji ya karɓi ɗan ƙarin juyi. Sauran washa biyu da ragowar tef ka ƙulle su a leda ka rataya a inuwa kusa da matatar.